Rigar da Aka Gwada a Jikin Bunsuru

Ranar kasuwar Batsari ƙanena Zaharaddeen ya dawo Safana da ƙullin gwanjo a bayan babur, ya shigo har ɗakin da nake ɗinki ya zazzage mini shi a gaban keke. Wandunan mata ne, irin matsattsun nan na roba da ake sawa a ƙarƙashin doguwar riga, yawancinsu shuɗaye masu duhu, 'yan kaɗan ruwan ɗorawa. Na dube su, na dube shi.

Na ce, "Auta, aure za ka yi ba mu da labari, ko sana'ar ce ta koma haka?"

Ya ce, "Yaya Zinariya, riga za ki ɗinka mini."

Ya ciro waya ya nuna mini wasu ƙartin 'yan fim na ƙasashen waje, cikin kaya masu manne wa jiki kamar fata, fuska a rufe, suna tashi sama suna ceton mutane. Ya ce shi ma zai yi nasa na gida, har ya raɗa masa suna Gaggafa. Bidiyon barkwanci zai yi da shi, irin waɗanda ya saba.

Ni na raini Zaharaddeen tun daga rasuwar Inna, kuma shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Mun baro ƙauyenmu da ke bayan Babban Duhu shekarar da ɓarayin daji suka ƙone rumbuna, na zauna a gidan mijina Abdulmumin, shi kuma ya buɗe 'yar rumfar cajin waya a bakin tasha. Ya wuce shekara ashirin, amma dangi ba su taɓa lissafa shi cikin maza ba. In ana maganar gona ko ta tsaro sai a ce ya je ya sayo goro. Ni kaina nakan zage shi safe da yamma, amma ban yarda wani ya zage shi a gabana ba, kuma abin da ya roƙe ni ban iya hana shi. Na ture ɗinkin mutane gefe na ɗauki reza.

Na daɗe ina ɗinki. Atamfa da leshi da shadda duk sun san hannuna, amma yadin roba ya mayar da ni 'yar koyo. Sai da na farke wandunan ɗaya bayan ɗaya, ina shimfiɗa su suna naɗe baki. Na auna Zaharaddeen yadda nake auna kowa, na bar sarari, na haɗa. Da ya saka sai ga riga tana reto a jikinsa kamar an rataya buhu a kara. Ashe shi wannan yadi ƙasa da jikin mutum ake yanka shi, jikin ne yake buɗa shi. Na rage. Ya sake sakawa, yana ɗaga hannu muka ji ɗinkin yana tsinkewa tas-tas tun daga hammata har ƙugu, don yadin yana miƙewa amma zare ba ya miƙewa. Kekena na ƙafa ne, miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya.

Na yi kwanaki ina faɗa da tsumman nan. A ƙarshe na gano cewa sai in riƙa jan yadin gaba da baya da hannu biyu yayin da allura take tafiya, don in ya koma ya bar wa zaren rara. Haƙoran keke suna taunar sa, allura tana tsallake, sai na riƙa shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa in ɗinke su tare, in yage takardar daga baya. Na sa dogon zif a bayan rigar. Na yanko fikafikai biyu na ruwan ɗorawa na ɗora a ƙirji. Hular kuwa ta rufe kai da fuska har wuya, na buɗe ido biyu na toshe su da ragar tsohon gidan sauro.

Ranar da ya saka duka ya fito tsakar gida, ƙafafu sirara, ciki a lafe, yana tafiya da ƙyar don wandon ya kama shi, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Rabona da irin wannan dariya tun muna ƙauye.

Sun ɗauki bidiyon a duwatsun bayan gari, shi da abokinsa Mannir. Mannir ya naɗa rawani ya rufe fuska, ya riƙe bindigar katako da suka shafa wa baƙin mai. Aka fasa nokawut, hayaƙi ya tashi, Gaggafa yana tsaye ya buɗe ƙirji, sai ga harsasai suna zubowa a gaban ƙafafunsa. Ƙwallayen boris ne na tsohon babur, wani yana watso su daga gefe. Sauran ƙara da tartsatsi a waya ya haɗa su. A ƙarshen bidiyon Gaggafa ya juya yana taƙama, kare ya fito daga bayan dutse, ya zura da gudu yana kiran Inna. Wurin dariyar ke nan.

Ban san wanda ya yanke ƙarshen ba. Na dai san cewa abin da ya riƙa yawo daga waya zuwa waya, daga rumfar caji zuwa rumfar caji, har ya kai Zakka da Babban Duhu da ƙauyukan bakin daji, ya tsaya ne daidai inda harsasai suka zube. Babu kare, babu gudu.

Damina tana ƙarewa Kawu Gagare ya zo. Ƙanen Inna ne, tsohon maharbi, shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyenmu, mutanen da suka haɗa kai suna gadin gari da bindigogin gargajiya. Kawu ba wawa ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ya binne 'ya'yansa maza da hannunsa, bai kuma bar ƙauyen ba. Ya iso da hantsi, jikinsa a jiƙe don ruwa ya dake su a hanya, da mutum biyu a bayansa, ɗaya yana jaye da bunsuru. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa. Muka gaisa, ya gida, ya mai gidan, ya yara, ya ruwa, ya muka ji da haƙuri, ya tsoro. Sai da aka gama duk wannan ya sa a kira Zaharaddeen.

Ya ce, "Ɗiyata, mun ga abin da yaron ga ya yi. Ban zo in tambaye ki wanda ya ba ki ba. Ba a tambaya."

Na ce, "Ya ba ni me, Kawu?"

Ya yi ɗan murmushi. "Zinariya, ni ne hwa."

Sai a lokacin na gane magani yake nufi. Na tashi na shiga ɗaki na kwaso ragowar wandunan, da ƙugunsu da robarsu, na zube a gabansa. Na ce masa ga abin da aka yi rigar da shi, wandunan mata ne na gwanjo, a kasuwar Batsari aka sayo su, duk mai so ya je ya saya. Na rantse masa da Allah babu laya, babu rubutu, babu turare, ko tofi ban yi mata ba. Zaharaddeen ya buɗe waya ya nuna masa bidiyon cikakke, har da karen.

Kawu ya kalla, ya yi dariya ƙwarai, ya miƙa wa mutanensa su ma suka kalla. Sannan ya ce, "To ai kare ba ƙarhe ba ne. Kowane magani da abin da anka yi shi dominsa." Ya juyo gare ni, fuskarsa cike da jin daɗi. "Haka ake riƙon abu, ɗiyata. Da kin ce mani akwai, da na tashi na kama hanya, don na san ta 'yan tasha ce. Mai abu na gaskiya ba shi hwaɗi."

Wannan ita ce rijiyar da na faɗa. In na ce akwai, na yi ƙarya. In na ce babu, na tabbatar musu. Tun muna yara haka muka ga ana yi, duk wanda aka sani da maganin ƙarfe in ka tambaye shi sai ya ce shi ba shi da komai sai Allah. Ban taɓa zaton wannan kunyar za ta juyo kaina ba.

Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi. Gero ya nuna a gonakin yamma da ƙauye, waɗanda suka jingina da daji, yana tsaye tsuntsu yana ci. Tun da aka ɗauke wasu a gona mutane suka ƙi fita yanka. In bana ba a yanke ba, ƙauyen ya tashi, don babu abin da za a ci. Yana son Zaharaddeen ya saka rigar ya tsaya a bakin gona, mutane su gan shi su sami ƙarfin zuciya. Amma shi ba ya kai ɗan 'yar'uwarsa gaban wuta da abin da bai gwada ba, shi ya sa ya zo da bunsuru.

Da na ji haka sai na ji sanyi a raina. Na ce a gwada. Na ce ni ma zan je in gani, ko da za a ce ba ni da kunya. A zuciyata na riga na yafe rigar, na yafe bunsurun, in dai za a ga rami a jikinsu a bar mini ƙanena.

Muka fita bayan gari, can wani kwari da ba kowa. Suka cusa wa bunsurun rigar, ƙafafunsa na gaba a cikin hannuwa, suka ja zif a gadon bayansa. Yadin ya miƙe ya kama shi cif, fikafikan suna ƙirjinsa, yana ta kuka. Ba wanda ya yi dariya. Suka ɗaure shi a gindin bishiyar bedi. Kawu ya sauke bindigarsa ta toka daga kafaɗa, wadda ta sha ruwan safe tare da shi, ya ja baya kaɗan, ya yi bisimilla, ya saita, ya ja kunama.

Bindigar ta ce ƙyas, ta yi shiru.

Mutanen biyu suka haɗa baki suka yi kabbara a hankali. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san cewa maganin bindiga iri-iri ne, kuma mafi ƙarfi shi ne wanda bindiga take ƙin tashi gaba ɗaya.

Na ce, "Kawu, albarushinka ya jiƙe. Ruwa ya dake ku."

Ya ce, "To bari mu gani." Ya zazzage na ciki, ya ɗura sabo daga wani ƙaho da ya ciro a ƙarƙashin riga, ya danna, ya juya ga wata busasshiyar bishiya ya harba. Ƙarar ta cika kwarin, ɓawon bishiyar ya tarwatse. Ya dube ni. "Kin ga lahiyarta lau."

Na ce, "To yanzu ɗura irin wannan ka harbi bunsurun."

Fuskarsa ta canza. Ya ce ba a gwaji sau biyu. Wanda ya gwada ya gani, ya kuma sake, ya raina abin, kuma kansa yake juyowa. Na roƙe shi, na ce ni a ba ni bindigar in harba, in ya juyo ya juyo kaina. Na yi magana da murya sama da wadda ta dace da ni a gaban ƙanen uwata. Ɗaya daga cikin mutanen ya kawar da kai. Kawu ya je da kansa ya zuge zif ɗin, ya cire rigar daga jikin bunsurun, ya kakkaɓe ta, ya ninke, ya miƙa wa Zaharaddeen da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Zaharaddeen, jibi za mu turo babur."

Na ga fuskar ƙanena a lokacin. Tun da aka haife shi Kawu bai taɓa kiran sa da wani suna ba sai "yaron ga".

Da muka dawo gida na hura gawayi a kurfoti, na ce ya ba ni rigar. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, ya ɗora ta a cinya ya dafe.

Na ce, "Ba ni in ƙone ta, kowa ya huta. Ka tafi Katsina wajen abokanka har a gama kaka."

"Yaya, in kika ƙone ta, kin san sunan da za su kira ki."

Na sani. Za a ce na hana ƙauye abin tsira don ina tare da mutanen daji. Infoma ake ce wa irin wannan, kuma a ƙasarmu wanda aka liƙa wa sunan nan ba a kai shi gaban alƙali. Na ce su kira ni duk abin da suka ga dama.

Ya ce, "Da yaranki a gidan nan."

Gaskiya ya faɗa. Sai na koma zagi. Na kira shi sakarai, ɗan wasan yara, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba. Na tambaye shi ko shi ma ya fara yarda ne cewa harsashi yana tsoron wandon mata.

Ya yi dariya kaɗan. "Haba Yaya, ni fa na sayo su. Na san abin da ke jikina." Ya shafa fikafikan da yatsa. "Amma su ba su sani ba. In sun gan ni a tsaye za su shiga su yanka. Kawu ya ce na dajin ma sun ga bidiyon, ba za su so su gwada ba. 'Yan kwanaki ne, a kwashe geron in dawo."

"In kuma ɗaya daga cikinsu ya so ya gwada fa?"

Ya dubi gawayin, sannan ya ce, "Tunda nake, ba a taɓa aikowa a kira ni don wani abu ba sai yau."

Na fahimce shi sarai, kuma na tsani fahimtar. Na ji haushin Kawu, na ji haushin dangin da suka shekara ashirin suna aiken sa sayen goro, har ya zama kira ɗaya ya ishe shi ya miƙa wuya. Da Abdulmumin ya dawo daga lodin motarsa na faɗa masa, na ce ya hana shi. Ya yi masa magana a zaure, ya fito ya ce mini namiji ne, ba a ɗaure shi da igiya.

Bunsurun ya farka hammatar rigar da kofato. Washegari Zaharaddeen ya kawo mini ya ce in gyara, don kada mutane su ga ɓaraka su karaya. Na ce ba zan taɓa ba. Ya ɗauki allurar hannu ya zauna yana cakar yatsunsa, yana wani ɗinki kamar na buhun gawayi. Na kasa kallo, na fizge. Na ja yadin da hannu biyu na bi ɗinkin har sau biyu, hawaye yana hana ni ganin allura. Na samo murfin wata tsohuwar tukunyar ƙarfe na buge shi da taɓarya, na yi masa aljihu ta ciki daidai ƙirji. Da ya saka sai murfin ya fito ƙuru-ƙuru, don yadin roba ba ya ɓoye komai. Ya ce in mutane suka ga ƙarfe za su san rigar ba ta isa ba. Ya zare shi ya ajiye mini a kan keke.

Babur ya zo da safe. Ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce ban yafe ba sai ya dawo. Ya yi dariya ya hau.

Kwanakin farko labari mai daɗi ne ya riƙa zuwa. Abdulmumin yana cikin masu a-kori-kura da suke kwaso amfanin gona daga can, shi yake kawo mini. Ya ce ƙauyen gaba ɗaya ya fita, maza suna yanka, mata suna tarawa, har mutanen ƙauyukan kusa sun shigo gayya. Ya ce Zaharaddeen yana tsaye a kan wani tudu a ƙarshen gonakin, fuskarsa a daji, tun daga fitowar rana har la'asar, shuɗi da ruwan ɗorawa ana hango shi daga nesa. Tsofaffi suna aika masa fura. Yara suna bin sa in ya sauko. Na ga dammunan gero suna shigowa Safana da idona, na fara cewa a raina wataƙila Auta ya fi ni gaskiya, wataƙila ƙarya ma tana iya ciyar da gari ta kuma bar mai ita da rai. Har na fara tanadin abin da zan dafa masa.

Ran nan bayan azahar na ji tsayuwar motar Abdulmumin a ƙofar gida, lokacin da bai saba dawowa ba. Ya shigo bai yi sallama ba. Ya tsaya a bakin ɗakin ɗinki, ya cire hula.

Ya ce, "Zinariya, sai haƙuri. Ɗauko hijabinki." Ya ɗan tsaya. "Ki taho da almakashi."

A hanya ya faɗa mini yadda aka yi. Rana ta take, zafin kaka, ga yadin roba ba ya shan iska. Zaharaddeen ya ɗage hular zuwa goshi don ya sha ruwa. Harbi ɗaya aka yi daga cikin duwatsu, ba a ga ko wane ne ba. Ya same shi a wuya, ƙasa da muƙamuƙi. Mutane suka watse, daga baya 'yan sa-kai suka koma suka ɗauko shi. Geron kuwa saura kaɗan a gama.

Ban yi kuka a motar ba. Na riƙe almakashin a cikin hijabi ina kallon hanya, ban ma tambayi abin da za a yi da shi ba.

A zauren Kawu suka shimfiɗe shi. Mace ba ta shiga inda ake wankan gawar namiji, amma maza suka buɗe mini hanya. Liman ya yi mini gaisuwa, sannan ya bayyana mini matsalar. Jikin ya sandare, kayan sun kama shi, ba sa cirowa. Sai an yanka. Duk mazan da ke wurin, masu bindiga da masu adda, babu wanda ya yarda ya sa ƙarfe a jikin rigar. Sun ce sai wadda ta ɗinka.

Na durƙusa a gefensa. An rufe masa ido, an ɗaure haɓa. Leɓɓansa sun bushe, ban sani ba ko ya samu ya sha ruwan. Na sa bakin almakashi a wuyan rigar, na bi ɗinkin kafaɗa. Yadin yana rabuwa yana tsalle gefe da gefe, ko ƙarfi ban sa ba.

Na ce, "Ku duba. Ku matso ku duba da kyau. Almakashin ɗinki ne yake cin ta."

Wani daga baya ya ce a hankali, "Hannun mai ita ne."

Kawu Gagare yana tsugune a jikin bango, hawaye yana bin gemunsa. Kukan gaske yake yi, ban ce na munafunci ba ne. Ya miƙo hannu ya taɓa fikafikan da ke ƙirjin, inda jini ya gangaro ya bushe. Ya ce, "Ki duba, ɗiyata, ko ƙwarzane babu a jikinta. Na ja mashi kunne kada shi ɗage hular nan. Da bai ɗage ba."

Mazan suka amsa da gyaɗa kai, wasu suna cewa ƙaddara ce, wasu suna cewa yarinta ce. A gabana, a kan gawarsa, suka wanke rigar suka ɗora masa laifin. Na buɗe baki in yi magana, na ga duk abin da zan faɗa sun riga sun san inda za su ajiye shi. Na rufe bakina. Aka lulluɓa masa zane, na zura hannu ta ƙarƙashi na yanke wandon ta gefe biyu, na jawo. Na ɗora tafina a goshinsa na ce na yafe, amma na san na makara. Na tattare yankakkun kayan da hular na cusa a hijabi na fita, aka shigo da ruwa.

Da na dawo Safana na zuba su a wuta a tsakar gida. Yadin roba ba ya ci kamar tufa, narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai wari. Ina jefa su ɗaya bayan ɗaya na lura babu hannun rigar na hagu. Na zazzage hijabin, na duba cikin mota, ban gan shi ba.

An ci geron. Ƙauyen bai tashi ba. Kawu ya aiko mini da dami, na sa aka mayar masa.

Bayan an yi addu'ar arba'in na fita sayen zare. Ina tsaye a bakin titi wani saurayi ɗan sa-kai ya taho a babur, bindiga a rataye a bayansa, gemunsa ko gama fitowa bai yi ba. A damtsensa na hango wani siririn ƙyalle shuɗi a ɗaure, an haɗa shi da laya. Ko daga nesa na gane ɗinkina a gefensa, layi biyu. Na ɗaga masa hannu ya tsaya. Da ya gane ni sai ya kashe babur ya sauko, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya, ya ce in sa masa albarka.

Na ce, "Ɗana, kana da uwa?"

Ya ce tana nan da ranta.

Na ce, "To don darajarta ka cire wannan. Tsumma ne. Ba ya tare komai. Ƙanena a cikinsa ya mutu."

Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, cikin ladabi. Ya ce, "To, Inna. Na gode." Ya gyara ɗaurin ƙyallen don ya ɗan zame, ya tayar da babur, ya nufi yamma.